Abin da Inna Ta Faɗa wa Tukunya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa 'yar ƙauye ce daga can ƙasar Katsina, an kawo ta Minna tana amarya da kunyarta cikakkiya, ko kaɗan ba ta zubar a hanya ba. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta duban idonsa ta ce masa "kai". Matan unguwarmu da yawa sun san al'adar, amma sukan sassauta idan yaro ya girma. Inna ba ta sassauta ba. Har na yi gemu, na gama karatu, na zama malami ina koyar da 'ya'yan mutane, sunana a bakinta "wani". Ran da take cikin nishaɗi kuma in zama "na shago", saboda a shagon ƙofar gida nake kwana.

Kada a ɗauka ba ma magana. Babu uwar da ta kai Inna yi wa ɗanta magana, sai dai ta hanyar tukunya take biyowa. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a madafinta akwai wata babbar baƙar tukunya da take tuya a ciki tun kafin a yaye ni. Bangon madafin yana da 'yar taga mai kallon lungun bayan gida, inda nake wanke babur ɗina kowace la'asar. Da zarar ta ji ƙarar bokiti da zubar ruwa, sai ta gyara murya.

"Ke tukunya, kin ga wani ya fita yau bai karya ba. Sai ciwon ciki ya kama shi a zo ana wahalar da mutane."

Ko kuma: "Wani dai ya bar rigarsa a igiya, ga hadari ya haɗo ta gabas."

Ni kuma in ci gaba da goge taya kamar ban ji ba, in na gama in je in kwashe rigar. Ta wannan taga aka yi mini faɗa da na fara zama da 'yan majalisar bakin titi. Ta nan aka yaba mini da na ci jarrabawa. Ranar da muka dawo daga binne Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗinki a kasuwa, ta tagar nan na ji Inna tana gaya wa tukunya cewa yanzu gida ya koma hannun wani, Allah ya sa ya iya. A lokacin 'yan'uwana mata biyu sun yi aure sun bar gari. Saura mu uku a gidan: ni, da Inna, da ƙanwata autarmu, wadda ita kam Inna ke kiran sunanta sau ɗari a wuni har sunan ya gaji.

A wata sakandare da ke Bosso nake koyar da adabin Turanci. Cikin duk abin da ke manhaja, ba abin da ya kama ni irin tsofaffin wasannin kwaikwayon Ingila na shekaru ɗari huɗu da suka wuce, waɗanda ake ƙarewa da gawarwaki a kwance a dandali, da gajerun waƙoƙinsu masu layi goma sha huɗu inda mawaƙi ke zama yana gardama da zuciyarsa. A wasannin nan akwai wata dabara da ba na gajiya da ita. Kowa zai fita, a bar mutum ɗaya a tsaye, sai ya buɗe baki ya fara faɗin abin da ke cikinsa: tsoronsa, da mugun nufinsa, da abin da ya kasa yanke wa shawara. A gaban sarki zai yi ƙarya, a gaban matarsa zai yi ƙarya, amma in ya rage shi kaɗai gaskiya yake faɗa. Ɗalibaina sukan ce, "Malam, wannan ai taɓin hankali ne." Ni kuwa ban taɓa ganin abin baƙo ba, ko da yake a lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Son abin ya kai ni ga rubuta wa wata jami'a a kudu, ina neman gurbin digiri na biyu a kan magana da shiru a waɗannan wasanni. Ban gaya wa kowa ba, don ban sa rai ba. Sai ga takarda ta iso a tsakiyar damina: an ɗauke ni, shekara biyu, kuma in bayyana cikin mako uku ko a ba wani gurbin. Na karanta ta a ɗakin malamai har sau huɗu. Murnata ba ta kai minti goma ba fargaba ta danne ta. Idon Inna ya fara yana, ƙanwata tana tsakiyar karatunta, ni ne namijin gidan. Tun a kan babur ina komawa na yanke wa kaina hukunci cewa in ban ji da kunnena Inna ta ce in tafi ba, to ba inda za ni, ko da takardar za ta ruɓe a aljihuna.

Ga inda na tafka wautar. Na ce a raina wannan magana babba ce, ba ta lungu da bokiti ba ce, ta fi ƙarfin taga. Washegari da safe na sa riga mai kyau, na shiga madafin da kaina, abin da na fi shekara goma ban yi ba. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana murje gyaɗa a faifai. Na tsugunna a gabanta, gab da gab, na gaishe ta, na fito da takardar na fassara mata layi bayan layi. Da na gama na ɗaga kai na dube ta cikin ido.

"Inna, me kika ce?"

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Ta jawo gefen ɗankwalinta, ta juyar da fuska wajen murhu. Na jira. Na ji kajin maƙwabta, na ji jirgin kaya yana wucewa can a layin dogo, na ji ƙafata ta fara sagewa. Ba ta ce uffan ba. Da na ga zan makara na tashi na fita, ina gaya wa kaina tunani take yi, zuwa yamma za ta ba ni amsa.

Da yamma na dawo, maimakon in ɗauki bokiti, sai na jawo farar kujerar roba na dasa ta a tsakar gida, daidai ƙofar madafi, na zauna. Wai kada amsar ta fito ba na kusa. Inna ta yi tuyarta, ta kwashe, ta tsane mai, ta wanke hannu. Ko tari ba ta yi ba. Washegari haka, jibi haka. Gidan da kullum ake jin muryarta tana yi wa tukunya ƙorafin tsadar itace ya yi tsit, sai ƙarar mai a wuta. Ni kuma kullum ina kan kujerata, da littafi a cinya wanda ba karanta shi nake ba. Babur ya yi buɗu-buɗu da jan laka, ban ko kalle shi ba.

Ni mutum ne mai sa abu a rai tun ina yaro. In shugaban makaranta ya amsa gaisuwata a taƙaice, sai in wuni ina lissafin laifin da na yi. To ka haɗa wannan hali da karatun da na yi, ka ga abin da zai fito. A wasannin da nake koyarwa shiru ba ya zuwa a banza. Akwai shirun wanda aka zalunta har ya rasa ta cewa. Akwai shirun wanda ya gama yanke hukunci, ba ya bukatar jin ta bakin kowa. Akwai kuma shirun da ke zuwa dab da mutuwa, in mutum ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe aka bar 'yan kallo da zuru. Duk na san su, na sha rubuta su a allo ina ja musu layi. Sai na ɗauki shirun Inna na riƙa gwada masa su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Baba ke gwada wa mutum riga.

Ran Talata na tabbatar fushi ne. Ran Laraba na ga ta sa mini nama har yanka uku a miya, na ce a'a, wannan ban kwana ne, ta yarda amma zuciyarta ta karye. Ran Alhamis miyar ta yi gishiri, na ce to ga shi nan, hankalinta ya tashi har hannunta ya rikice. Ran Juma'a na ji tana jan numfashi wajen ɗaga galan ɗin mai, sai wani mugun tunani ya faɗo mini: ko dai wani ciwo take ɓoyewa, ta san in na tafi ba zan dawo in same ta ba? Wannan tunanin ya fi kowanne cin raina. Abinci ya daina shiga. A aji na kira wani ɗalibi da sunan wani har sau biyu, na rubuta darasin 'yan aji biyar a allon 'yan aji huɗu. Kunya nake ji yanzu in na tuna, amma har a bayan littafin shirya darasi na ja layi na raba shafi uku, na rubuta "fushi", "yarda", "ciwo", ina tara hujjoji a ƙarƙashin kowanne.

Da mako guda ya cika na tura ƙanwata. Na ce ta lallaɓa ta tambayo mini. Ina kan kujerata na ji ta shiga tana cewa, "Inna, wai Yaya ya ce maganar tafiyar nan fa?"

"Miƙo mini matsami," in ji Inna.

"Inna, lokaci fa yana tafiya."

"Na ce ki miƙo mini matsami, ko kunnenki ya toshe ne?"

Ƙanwata ta fito ta watsa mini hannu. Ta ce, "Yaya, ni fa kada ka ja mini. Ka shirya kayanka kawai, ai ba ta ce kar ka je ba." Na ce ba ta kuma ce in je ba. Ta harare ni ta ce wallahi boko ya gama da ni.

Sai na nufi maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Bida da muke ce wa Iya, wadda ita ta koya wa Inna ƙuli tun suna amare. In akwai mai sanin cikin Inna, ita ce. Na saya mata goro na kai mata, na zayyana mata komai. Ta shiga gidanmu ta daɗe, ina jin suna 'yan maganganu ƙasa-ƙasa har da dariya, abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Da ta fito na tare ta a zaure.

"Iya, me ta ce?"

"Uwarka bai ce komai ba," in ji ta da irin Hausarta. "Shi dai yana soya kulinsa. Ya ce gyada ya yi tsada."

"A kan tafiyata fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara goron da ke kuncinta. "Kai ma malam ka cika zama a gaban mutum. Kullum kana kujera kamar mai gadi. Ba ka da aiki ne? Dubi mashin naka, kamar an tono shi a rami."

Na ji haushinta ƙwarai. Ina maganar rayuwata, tana maganar laka a jikin babur. Na yi mata godiya a daƙile na koma kan kujerata, na ma ƙara matso da ita kusa da ƙofar.

Mako na biyu ya wuce a haka. Na je tashar mota na tambayo ranakun da motar kudu ke tashi, na dawo ban yanki tikiti ba. Na rubuta takardar neman hutun karatu, na ninke ta na sa a aljihu tare da ta jami'a, kullum ina yawo da su biyun har gefensu ya fara yagewa. Wata safiya na tsaya a ƙofar ofishin shugaban makaranta na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na tuna fuskar Inna a juye wajen murhu, na sauke hannun. A raina na fara haƙura. Na fara gaya wa kaina cewa mutane nawa ne suka rayu lafiya ba digiri na biyu, amma a banza. Ina son tafiyar nan, ina sonta ƙwarai, kuma ina jin tsoron Inna ta san irin son da nake yi mata.

Ranar Laraba ta mako na uku, saura kwana biyar, ina da 'yan aji shida bayan tara. An kwana ana ruwa, ajin yana warin jiƙaƙƙen siminti. Mun iso wurin da jarumin wasan ke tsayawa shi kaɗai yana auna ko ya aikata abin da ke ransa ko ya fasa. Na ce wata ɗaliba ta fito gaba ta karanta mana, don duk ajin ba wanda ya kai ta iya karatu. Ta fito, ta buɗe littafin, ta ɗaga kai ta ga idanu sun yi mata caa. Ta karanta layi ɗaya murya na rawa, ta sarƙe a na biyu, ta tsaya.

"Malam, ba zan iya ba. Kowa kallona yake yi."

Na ce da ajin abin da na saba faɗa duk shekara, har na haddace shi. Na ce wannan irin magana tana da sharaɗi. Mai yin ta ya san muna nan, mu ma mun san ya sani, amma akwai yarjejeniya tsakaninmu: shi zai yi kamar shi kaɗai ne, mu kuma za mu yi kamar ba ma nan. In ɗayanmu ya tashi ya tsaya a gabansa ya ce "to, faɗi muna ji", magana ta mutu. Na ce kowa ya kifa kansa a kan tebur, kada in ga idon kowa. Ni ma na juya na fuskanci allo.

Yarinyar ta fara karatu. Muryarta ta daidaita, ta yi ƙasa, ta riƙa tsayawa inda ya kamata a tsaya, kamar abin daga cikinta yake fitowa. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, hancina kusan yana taɓa allo, sai na ji maganar da na gama faɗa ta dawo mini. Na ga farar kujerar roba a ƙofar madafi. Na ga kaina a kanta kwana goma sha shida, na zuba wa matar nan ido. Na tuna abin da Iya ta ce a zaure. Har yarinyar ta gama ban juyo ba, sai da wani daga baya ya ce, "Malam, mu ɗago?"

Ban san yadda na ƙarasa sauran darussan ranar ba. Ana tashi na hau babur, na biyo ta cikin cunkoson 'yan acaɓa da ɗaliban jami'a. Wani sabon tsoro ne ya kama ni a hanya. In fa na makara? In abin da na fasa ba ya gyaruwa? Shekara talatin Inna tana da hanya ɗaya tak ta yi mini magana, na zo da takardar Turanci na toshe ta.

Da na isa gida na ɗauke kujerar na mayar da ita shago. Na tuɓe rigar aiki, na sa tsohuwar singileti. Bayan la'asar na ɗebo ruwa a rijiya, na tura babur zuwa lungu, na ajiye bokitin da ƙarfi don ya yi ƙara. Ta taga ina jin ƙamshin ƙuli da tafasar mai. Na fara wanki.

Na wanke tayar gaba. Shiru. Na wanke ta baya, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Shiru. Na wanke tanki, na wanke kujera, na goge madubi. Ruwa ya ƙare na sake ɗebo wani. Babur ya fita tas, ko ranar da na saye shi bai yi wannan ƙyallin ba, amma na koma kan tayar gaba na sake farawa. Hannuna ya yi yaushi. Na hana kaina ɗaga kai wajen tagar, wuyana har ciwo yake. Na fara cewa a raina shi ke nan, na ɓata.

Sai na ji ta gyara murya.

"Yau dai an tuna da babur."

Tsumman ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na riƙe shi gam, na ci gaba da gogawa a wuri ɗaya.

"Ke tukunya, kin ga ikon Allah. Mutum ya zo ya tsugunna a gabanka, ya zuba maka ido kamar alƙali, wai me ka ce. Ya kuma kawo kujera ya tsare ƙofa, ko numfashin kirki ba ka iya yi. Me za a ce? Karatu ne fa, ba sata ba. Mai ɗinki ma ya so karatun nan, bai samu ba, har ya koma ga Allah yana zancen." Ta juya ƙulin, na ji matsami yana karo da gefen tukunya. "Ya tafi mana. Allah ya tsare hanya, ya ba da abin da aka je nema. A dai riƙa karyawa da safe. A kuma yi hankali da barkonon mutanen can, cikin wani ba ƙwari ne da shi ba."

Na ji kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka. Na dafa kujerar babur, ina cewa alhamdu lillahi a zuci. Har na fara tattara tsumma da bokiti, don na ɗauka an gama. Ashe da saura. Mai yana ta ƙara, sai ta ci gaba da wata murya da ban san ta da ita ba, ƙasa-ƙasa.

"Ke kuma kin huta. Shekara talatin ina damunki da surutu. Daga ranar Litinin ba mai wanke babur a bayan nan, to wa zan yi wa?"

Na tsugunna a cikin laka a gefen tayar. Duk lissafin da na yi a bayan littafi, fushi da yarda da ciwo, babu inda na rubuta wannan. Na yi ta tunanin wa zai kai ta asibitin ido, wa zai sayo buhun gyaɗa, wa zai gyara rufin ɗaki, ban taɓa tunanin wa za ta yi wa magana ba. Hawaye ya zubo mini, na bar shi, don in na ja hanci za ta ji. Ina so in tashi in leƙa tagar in ce Inna na fasa. Na san in na yi haka na sake maimaita wautar farko. Da na samu muryata ta dawo, sai na dafa tankin.

"Kai babur," na ce, "ka dai ji. Shekara biyu ce, kuma akwai hutu a tsakani."

Daga cikin madafi aka ce, "Hm." Sai kuma, "Wani ya zo ya ɗauki na zafi kafin ya huce."

Ranar Litinin na tafi. Ba ta rako ni ko zaure ba, ban kuma sa ran haka ba. A cikin jakata na tarar da ƙullin ƙuli da zai ishi mutum biyar.

A lokacin wayar hannu ta fara yawa a hannun talakawa, kafin in tafi na saya wa ƙanwata ɗaya. Sati biyu da isata na kira na ce ta miƙa wa Inna. Na ji an karɓa, na yi sallama, na gaishe ta. Ina jin numfashinta a kunnena, kusa fiye da yadda na taɓa ji, amma ko kalma ɗaya. Can sai muryar ƙanwata: "Yaya, ta miƙo mini. Ta ce wai abin a kunne yake magana, kamar mutum ya tsaya a gabanka." Ta rage murya ta ƙara da cewa, "Kuma fa tun da ka tafi ba ta ce wa tukunyar nan komai ba. Gidan ba daɗi wallahi. Sai ta wuni a madafi ba ka ji motsinta ba."

Kwana uku maganar nan tana cina. Ina zaune a ɗakin karatu da tulin littattafai a kan shirun mutanen da ba su taɓa rayuwa ba, hankalina yana Minna. Ran Juma'a bayan la'asar na fito na zauna a kan matakala, na kira ƙanwata na gaya mata abin da za ta yi. Ta ce lallai na haukace, amma ta yi. Ta buɗe muryar wayar, ta zagaya lungu, ta ɗora ta a kan tagar madafi. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta ajiye da ƙarfi, ta watsa kaɗan a jikin babur ɗina da ke jingine a wurin, ta ce da ƙarfi, "Bari in bar wayar Yaya a nan ta sha iska," sannan ta yi tafiyarta.

Na manna wayar a kunne. Ina jin mai yana tafasa, ina jin kajin Iya, can nesa wani mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ɗalibai suna ta wucewa ta gabana suna kallon mutumin da ya riƙe waya ba ya magana. Na fara tunanin ko ta gane ta ji haushi, ko ta ɗauka wasa muke yi da ita.

Sai na ji an gyara murya.

"Ke tukunya, an ce wani ya rame. Ni dai na faɗa, a riƙa karyawa."

Na sa hannu na toshe bakina, don kada ta ji numfashina ta yi shiru.